Ba Ni Zan Fara Shiga Jirgi Ba

"Lafiya lau, lafiya lau. Zafi kuma ai lokacinsa ne. Ke dakata, wa ya ba ki izinin barin Belbeji ba ki aiko kin tambayi mijinki ba?"

Baba Ɗan Azumi ke nan, zaune a gindin aduwar ƙofar gidansa, a wani ƙauye da ke bayan Gangara, da hauya a kan cinya yana gyara mata ƙota. Wadda yake yi wa faɗan jikarsa ce Raishatu, 'yar babban ɗansa, mai aikin jinya a likitar Belbeji. Tun tana goye yake ce mata amarya, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa barin tasa ta faɗi ƙasa ba. Saukowarta ke nan daga kabu-kabu, ko jakarta ba ta ajiye ba.

Sai da ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ɗago ta waiwaya hagu da dama.

"Wane mijin? Na duba ban ga miji ba. Wani tsoho dai na gani yana kokawa da sanda, sandar tana neman kayar da shi."

"Tsohon nan ya fi ƙarfin samarin Belbeji duka a haɗe. Me kika kawo mini? In allura ce, koma da abarki."

"Allura ai ta fi ƙarfinka. Wancan zuwan da na ɗauko ta, a bayan rumbu aka samo ka."

"Kaji na je dubawa."

"Kajin ne suka ce ka lafe a jikin bango ka rufe ido?"

"Ba ki san kiwo ba, ki yi shiru."

Bana ne 'ya'yan Ɗan Azumi suka haɗa hannu suka biya masa kujerar Makka. Sati mai zuwa maniyyatan yankinsu na Damargu za su taru a Tanut, mota ta kwashe su zuwa Damagaram, daga can jirgi ya ɗauke su. Tun da aka sa ranar, Raishatu ba ta sami kwanciyar hankali ba. Ita take auna masa jini, ta san abin da na'ura take nunawa, abin da ba ta gaya wa kowa ba sai mahaifinta. Ta kuma san halin filin jirgi a irin wannan bazara: a jera mutane a rana a yi ta jira, tsoho da saurayi duk ɗaya. Shi ya sa yau ta biyo ta Tanut, ta shiga ajans ɗin Abdulmajid mai shirya tafiyar, ta yi abin da ta yi da albashinta ba tare da ta shawarci kowa ba.

Ta buɗe jaka ta ciro wani jan kati mai igiya, irin wanda ake ratayawa a wuya, ta ɗora masa a gwiwa.

"Laya ce?"

"Ta fi laya. In ka rataya wannan, kai za a fara kira. Kafin kowa ya motsa ka shiga jirgi ka zauna a inuwa. Kujerarka a gaba take, a bakin hanya, inda za ka miƙe wannan busasshiyar ƙafar taka. An ƙara maka nauyin kayan da za ka ɗauka. Sannan akwai keken da za a tura ka a kai, tun daga ƙofa har gindin jirgi."

Ɗan Azumi ya ɗauki katin da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci kunama a takalmi. Ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina, ya mayar mata a cinya.

"Na gode. Ba na so."

"Ba tambayarka na yi ba. Sanarwa ce."

"Keke? A tura ni? Ni buhun gero ne? Ƙafar nan da kike rainawa, da ita na taka daga nan har Agadas ina bin raƙuman Buzaye, lokacin ko sunan ubanki ba a tanada ba."

"Da ita kuma ka faɗi bara a layin rabon iri a Gangara, sai da aka yayyafa maka ruwa."

"Faɗuwa? Wane maƙiyin ne ya ce miki faɗuwa ce? Sujjadar godiya na yi, don na ga layi ya kusa zuwa kaina."

"Sujjada a rigingine?"

"Ke lakwal kika yi, boko zalla, ba ki zurfafa a karatun addini ba."

Raishatu ta yi dariya, amma dariyar ba ta wuce leɓe ba. Ita aka kira a wayar salula ran nan. Ta tuna yadda ta same shi a inuwar shagon wani mai shayi, leɓɓansa sun yi fari, yana tambayar mutane ina takalminsa alhali suna ƙafarsa. Ta sake ɗora masa katin a gwiwa, ya sake ture shi.

"To gaya mini, amarya, tun da ke ce mai ilimi. Wanda ya fara shiga, da shi kaɗai jirgin zai tashi?"

"A'a."

"Jiran sauran zai yi?"

"Zai jira."

"Wato kin fitar da kuɗinki ne don in yi jira a ciki maimakon in yi jira a waje. Kai, an cuce ki. Abdulmajid ya ga 'yar lakwal ya sayar mata da iska. Ni ma gobe zan kafa ajans a bakin rijiya. Duk mai son ya riga kowa tsayawa jiran guga, ya biya ni."

"A waje rana ce, a ciki sanyi."

"Ni da rana mun san juna tun ba a ƙera jirgi ba. Ba ta taɓa yi mini komai ba."

"Ta dafa ka dai. Dubi yadda ka ƙanƙance kamar kilishin bara."

"Kilishin bara ya fi ɗanyen nama daɗewa. Kuma na gane dabararsu sarai. Tsanin nan da ake hawa, ba su tabbata da ƙarfinsa ba. Sai su ce a kawo tsofaffi a fara gwadawa da su. In ya karye, to dama sun ci zamaninsu. Ke kuma ki zo ki gaje ni. Da ke aka ƙulla."

"In gaji me? Hauya marar ƙota da jaki mai tari?"

"Jakin nan ya fi kabu-kabun da ya kawo ki hankali. Kujerar gaba kuma da kike yi mini kwaɗayinta, ni na san ta. Motar kasuwar Tanut ma haka suke yi. Ka ƙara kuɗi a sa ka kusa da direba, a matse ka da wani ƙato mai warin tafarnuwa, ƙarfen giya na dukan gwiwarka, inji na gasa maka tafin ƙafa. Mu da muke sama a kan buhuna muna shan iskarmu, tare muke isa kasuwa. Ko na gaban jirgi yana riga na baya isa Makka?"

"Yana riga shi mana. Hancin jirgi ai shi yake fara shiga gari."

Tsohon ya ɗan taɓa gemu.

"To ai sai hancin ya tsaya ya jira wutsiya."

"A inuwa dai."

"Ke da inuwa! Kamar 'yar ƙadangare mai ciwon kai. Amma tsaya. Me kika ce ɗazu game da kaya?"

"An ƙara maka nauyi. Za ka ɗauki fiye da na kowa."

"Yauwa, yanzu kika yi magana irin ta matar kirki. A cire mini wannan, a mayar musu da sauran tarkacen. Zan tafi da garin gero, don an ce a can fura sai dai labari. Da cuku, da man shanu, da yaji. Da butata, don ba na alwala da butar da ban san halinta ba. Da ɗan ƙaramin turmi."

"Turmi! Wa zai daka maka?"

"Zan samo wata a can. Balarabiya, fara, wadda ba ta da baki irin naki."

"Ta ga haƙoran nan naka da kowanne ya kama gabansa, ai sai ta kira 'yan sanda. Kuma ka sani, a haɗe suke, ba a rabawa. Ka ɗauki kaya, ka ɗauki keke, ka ɗauki jan kati."

"To a bar shi duka. Buta ta ishe ni."

"Wallahi sai ka rataya."

"Wallahi ba zan rataya ba. Kin ga mun yi rantsuwa biyu, ɗaya zai yi kaffara, kuma ni na tsufa da azumi."

Ya jingine hauyar a jikin aduwa. Da ya sake magana, muryarsa ba ta wasa ba ce.

"Zauna sosai in gaya miki. Shekarar da fari ya kore mu daga garin nan, ubanki yana ɗan ƙarami, wata babbar mota ta zo kwasar mutane zuwa kudu. Kowa na turereniya, uwa na jefa ɗanta sama, ƙato na taka tsohuwa. Ni na tsaya a ƙasa ina miƙa mutane. Sai da na ga ba sauran kowa, sannan na kama ƙarfen baya na ɗafe, a haka na isa. Ki tambayi duk wanda kika ga dama. Yanzu da furfurata in rataya jan kati in ratsa ta gaban mutanen garinmu, suna tsaye a rana ni ana tura ni kamar ango? Kuma a hanyar ɗakin Allah, inda ake tuɓe wa mai kuɗi babbar riga a ɗaura masa ƙyalle irin na kowa? Sannan Malam Sahabi fa? Ya girme ni, idonsa ya tafi, kafaɗata yake dafawa zuwa masallaci. In wuce in bar shi a layi?"

Raishatu ta san labarin gaskiya ne, ta sha jin sa a bakin mutanen da ba su da dalilin yi masa kara. Har ta ji kamar ta mayar da katin cikin jaka ta haƙura. Amma ta dubi jijiyar da take harbawa a gefen goshinsa, ta ce a ranta ba inda za ta da katin.

"Wancan lokacin kana da ƙarfin ɗafe mota," ta ce. "Kuma waccan mota ce mai barin mutane a ƙasa. Wannan kowa da kujerarsa, ba wanda za a bari don kai ka shiga. Malam Sahabi kuma kwantar da hankalinka. A wurin Abdulmajid na haɗu da ɗansa, shi ma ya karɓar masa irin wannan. Tare za a kira ku. Ya dafa kafaɗarka har kujera, kamar yadda kuka saba."

Ta zaci zai saki fuska. Sai ta ga idanunsa sun firfito.

"Mu biyu? Ni da Sahabi kaɗai a gaba?"

"Daga garin nan, ku kaɗai."

"Innalillahi! To wa zan kalla? Sahabin da ba ya gani?"

Maganar kuɓuce masa ta yi. Nan da nan ya wawuro hauya ya duƙufa a kan ƙotar da ya riga ya gama gyarawa. Raishatu ta zuba masa ido. Ta san wannan fuskar. Kullum tana ganinta a likita, a wurin manyan maza masu gemu, waɗanda za su yi ta ba da labarin jaruntakar kakanninsu har sai sun ji an fasa kwalbar magani.

"Me za ka kalla, tsoho?" ta tambaya a hankali.

"Ba komai. Tashi ki shiga ki gaida mutanen gida."

"Ba inda za ni."

Ya dubi ƙofar gida, ya dubi hanya, ya ga ba kowa sai awaki kwance a inuwar katanga. Sannan ya matso, ya rage murya.

"Ni fa duk inda na shiga a duniyar nan na san yadda ake zama. Kasuwa, wurin ta'aziyya, rugar Fulani, tantin Buzaye. In ban sani ba, nakan tsaya daga baya in ga yadda na gaba ya yi. Wannan abin kuwa ban taɓa ganin cikinsa ba, sai dai in hango shi a sama kamar shirwa. Na riga na gama shirina. Alhaji Attahir ya taɓa zuwa, bayansa zan bi. Ya cire takalmi in cire, ya zauna in zauna, ya yi tari in yi tari. Yanzu ke kin zo kin tunkuɗa ni gaba, duk Damargu na bayana suna kallon ƙeyata. In na je na zauna a kujerar direba fa? An ce akwai wata ɗamara da ake ɗaurewa. An ce makewayinsu in ka taɓa wani abu sai ya yi ruri ya zuƙe ka. Ga kuma Sahabi riƙe da kafaɗata yana cewa Ɗan Azumi ina muka nufa. In ce masa me?"

Dariya ta taso wa Raishatu har maƙogwaro, ta haɗiye ta da ƙyar. Ita ma ta taɓa shiga jirgi, lokacin da aka tura su ƙaro ilimi a Yamai, kuma ba ta manta yadda ta tsorata a gindin tsani ba. Ita ga ta da karatu. Ina ga mutumin da duk garin ke zuwa tambayarsa yadda ake yin abu.

"Shi ke nan abin?"

"Kaɗan ne?"

"Tashi mu shiga zaure."

"A yi me?"

"Makka za mu."

Ta leƙa cikin gida ta jawo turmi, ta kifa shi a bakin zaure. Ta ɗauko farar kujerar robar da ake ba baƙi ta ajiye a tsakiya, ta jera benci a bayanta, ta saki asabari ta rufe ƙofa don kada masu wucewa su gani. Sannan ta rataya masa jan katin a wuya.

"Na wasa ne," ta ce kafin ya buɗe baki. "Turmin nan shi ne tsani. Bismillah, hau. Da takalminka, ba masallaci ba ne."

"Da takalmi? A ɗakin mutane? Marasa tarbiyya."

Ta ɗaga asabarin ta riƙe masa hannu ya taka ya sauko ciki, yana gunaguni.

"A ƙofa za ka tarar da wata mace tana murmushi. Ni ce ita. Sannu da zuwa, Alhaji."

"Yauwa, 'yammata. Kina da miji?"

"Ba a tambaya! Takardarka kawai za ka nuna mata, ita za ta kai ka kujerarka. Ka gani? Wanda ya fara shiga shi ake kama wa hannu a zaunar. Na baya su ake bari su yi ta laluben wuri suna karo da juna, na zaune suna kallonsu."

Ɗan Azumi ya tsaya cak, hannu ɗaya a kan kujera.

"Wato in na fara shiga, ba kowa a ciki?"

"Ba kowa."

"In na yi kuskure ba wanda ya gani?"

"Sai ita. Ita kuwa ta ga wanda ya fi naka muni."

"Attahir kuma ya shigo ya tarar da ni a zaune?"

"Ƙafa ɗaya kan ɗaya."

Wani abu ya gilma a fuskarsa, ya yi maza ya haɗe rai.

"Duk da haka ban yarda ba. Ci gaba dai, in ga iya ƙaryarki."

Ya zauna. Ta sauko da rawaninsa daga jikin ƙusa, ta zagaya shi ta cikinsa, ta zura ta ramukan kujerar, ta ƙulle ta baya. Ta bayyana masa cewa ɗamarar gasken bakin ƙarfe biyu gare ta, ka tura ɗaya cikin ɗaya har ka ji ƙas, in za ka buɗe ka ɗaga murfin sama. Ta sa shi ya kwatanta da hannu har ya iya. Ta nuna masa yadda zai kama hannun Malam Sahabi ya ɗora masa a kan ƙarfen.

"Makewayin fa?"

"Ƙara ce kawai, ba ya zuƙe mutum. Ko da yake kai ba nauyi gare ka ba, ka riƙe ƙofa da kyau."

"Allah ya isa tsakanina da ke."

Ta ɗauko faifai ta tsaya a kansa tana karya wuya.

"Alhaji, kaza ko nama?"

"Duka."

"Ɗaya ake zaɓa."

"Har da mai jan kati? To me kuɗinki ya saya?"

"Yanzu za mu tashi. Kama goro ka tauna, don kunne yakan toshe."

Ta koma bayansa ta kama kujerar ta fara girgizawa, tana ruri da baki, sannan ta ɗan kwantar da ita baya. Tsohon ya damƙe hannuwan kujera, addu'ar hawan abin hawa ta fito daga bakinsa tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe.

"Ke! A hankali, direban banza! Wa ya ba ki takardar tuƙi?"

"Mun daidaita a sama. Leƙa taga, me ka gani?"

Ya leƙa ta ramin asabari.

"Jakina."

"To ka ga har yanzu ba mu bar Damargu ba."

A nan ne ya fashe da dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji daga gare shi ba, har da tari. Suna cikin haka ladan ya kira la'asar. Ba a jima ba suka ji takun sanda a waje, da muryar Alhaji Attahir yana sallama.

"Ɗan Azumi, ga ni da Malam Sahabi. Fito mu wuce."

Ya yunƙura zai tashi, kujera ta taso tare da shi. Ya kai hannu baya yana laluben ƙulli, ƙullin ya ƙi. Irin ɗaurin da take yi wa bandeji ne, ba ya kwancewa sai mai shi ya so.

"Kwance ni," ya ce cikin raɗa.

"Jirgi bai sauka ba."

"Kwance ni, 'yar nema!"

"Sai ka faɗa. Wa zai fara shiga?"

"Ba zan faɗa ba ko yanka ni za a yi. A haka zan tafi masallacin."

Ya miƙe a duƙe, kujera manne a bayansa kamar kunkuru, ƙafafunta suna kallon bango. Ya ja ƙafa ya nufi ƙofa, gemu a gaba, jan kati na lilo a ƙirjinsa.

"Lafiya dai?" in ji Attahir daga waje. "Ko mu shigo?"

"A'a! Kada ku shigo! Ina zuwa!"

Ya tsaya a tsakiyar zaure, ba gaba ba baya. Raishatu ta zagayo ta tsugunna a gabansa, yadda idonta zai haɗu da nasa. Ta daina dariya.

"Baba," ta ce. Rabon da ta kira shi haka ita kanta ba ta tuna ba. "Ni nake auna jininka. Ban karɓi katin nan don ka fi kowa ba. In ka faɗi a can, ba na kusa. So nake ka je ka dawo ka same mu, ka ci gaba da zagina. Iyakar abin da na saya ke nan."

Tsohon ya koma a hankali ya dire kujerar ya zauna. Ya share gefen ido da babban yatsa, ya ce hayaƙin girki ne yake shigowa, alhali ba a ko hura wuta ba.

"Yau ga 'yar banza, za ta sa namiji kuka a ɗaure. To ji nan. Zan rataya. Zan fara shiga. Don Sahabi, ba don ke ba."

"Na ji. Keken fa?"

"A ɗora masa garin gero."

"Kai za a ɗora."

"To zan hau, amma sai an sha kwana, inda 'yan garinmu ba sa gani."

"Tun daga ƙofa."

"Daga ƙofa, amma in rufe fuska da rawani."

"Na yarda."

Ta kai hannu baya, ta ja bakin zare ɗaya, ƙullin ya warware kamar ba a taɓa ɗaure shi ba. Ya miƙe yana dafa ƙugu, ya cire katin ya naɗe igiyar a kansa da kyau, ya cusa a aljihun gaba ya daddanna.

"Jar tunkiyar nan da ke turke a bayan ɗaki, in za ki tafi ki kwance ta."

"Kyauta? Yau za a yi ruwa."

"Ba kyauta ba ce, toshiyar baki ce. In na ji labarin kujerar nan a Belbeji, ko a Gangara, ko a bakin wata rijiya, na sake ki, kuma ba kome."

"Tunkiya ɗaya ta toshe Belbeji. Gangara sai da ɗanta."

"Ɓarauniya. Ɗauki har ɗan."

Ya naɗa rawaninsa, ya ɗaga asabari, ya tsallake turmi ya fita yana gyaran murya. Malam Sahabi ya lalubo kafaɗarsa ya dafa.

"Me ya tsare ka haka, Ɗan Azumi? Mun ji ruri kamar ana yanka raƙumi."

"Karatu nake ba yarinyar nan," in ji shi, da ƙarfi yadda za ta ji. "Duk lakwal ɗinta ba ta san yadda ake shiga jirgi ba. Ku ma in an idar da salla ku biyo ta nan, kowa ya zo da rawaninsa. Kai ma Attahir. An canja abubuwa da yawa tun zuwanka."

Raishatu ta zauna a kan benci, ta cusa bakin gyalenta a baki, tana dariya har hawaye na zuba.